Malamin Malamai: Daga Katsina Zuwa Zuba

A Zuba, bakin ƙofar Abuja ta hanyar Kaduna, akwai kwalejin ilimi ta babban birnin tarayya wadda aka kafa a 1996. Mai koyarwa a cikinta ba malamin sakandare ba ne, kuma jami'a ba ta ɗaukarsa nata. Wannan zaman tsaka-tsaki yana da tarihi.

Lokacin da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, Turawa ne manyan malamanta, aikinsu kuwa su fitar da waɗanda za su riƙe makarantun lardunan Arewa. Ahmadu Bello ya gama ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi. A wancan zamani da ɗalibansa ake auna mai horar da malamai: yadda suke tsayawa gaban allo, tsaftarsu, ladabinsu. Ba wanda ke tambayarsa maƙala nawa ya wallafa.

Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya kawo sauyi. Aka buɗe manyan kwalejojin horon malamai, ciki har da ta Zariya a 1962, aka ƙirƙiro takardar NCE wadda ta fi Giredi II amma ba ta kai digiri ba. Masu koyar da ita sai suka gaji matsayinta. Da shirin ilimin firamare ga kowa, UPE, ya zo a 1976, yara suka cika ajujuwa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa. Yawa ya samu, martaba ta ja baya.

Daga nan ofisoshi suka karɓi ragamar bayyana ko wane ne malamin malamai. Hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhaja da sharuɗɗan aiki a kwalejoji. Dokar 1993 kuma ta samar da majalisar rajistar malamai, TRCN. Dukansu a Abuja suke zaune. Sai ga mutum ana jansa ta ɓangare biyu. Ana so ya mallaki shaidar koyarwa kamar kowane malamin aji, sannan ƙarin girma ya dogara da bincike da wallafa kamar ɗan jami'a. Duk da haka tsaninsa a babban lakcara ya daɗe yana ƙarewa, babu kujerar farfesa. Ba abin mamaki ba ne da yawansu, suna samun digirin digirgir, su tattara su koma jami'a. Ko ƙungiyarsu daban ce: COEASU, ba ASUU ba.

Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE ta faranta wa malaman rai, kuma suna da gaskiya. Amma akwai abin tsoro. Sashen aikin da ya bambanta su da kowa shi ne bin ɗalibi har makarantar ƙauye a lokacin gwajin koyarwa, a zauna a bayan aji, a duba shirin darasinsa, a gyara masa. Wannan wahala ba ta cika yin nauyi a ma'aunin ƙarin girma ba. Ya kamata NCCE ta ba ta maki daidai da wallafa, in ba haka ba kwalejojin za su zama ƙananan jami'o'i, 'yan firamare kuma su rasa mai shirya musu malami.