Yadda rigimar kayan aro ta haifi Git

Duk matashin da ya fara koyon rubuta manhaja, ba ya jimawa za a ce masa ya buɗe GitHub. To, ina asalin abin?

Tun 2002 masu gina Linux suke ajiye aikinsu da BitKeeper, manhajar wani kamfani na Amurka da ya ba su aro kyauta. A 2005 kamfanin ya zargi wani masani, Andrew Tridgell, da leƙen yadda take aiki, sai ya janye aron. Aikin ɗaruruwan mutane na neman tsayawa.

Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux a 1991, bai tafi roƙo ba. Farkon Afrilu ya duƙufa, cikin ƴan kwanaki Git ya fara aiki. Abin da ya fi burge ni, kowa na da cikakken tarihin aikin cikin kwamfutarsa. Ko rezo ya ɗauke ka ci gaba, in ya dawo ka tura.

Shi GitHub sai 2008 aka gina shi bisa Git. A 2018 Microsoft ta saye shi dala miliyar 7.5, ita da shugabanta na 2001, Steve Ballmer, ya kira Linux cutar kansa.