Yadda matafiyi zai samu canji mai rahusa kafin tafiya hutu ƙasar waje

Mai shirin tafiya hutu Dubai ko Alƙahira ko Landan yakan ɓata makonni yana neman tikiti mai sauƙi, amma ya bar batun canjin kuɗi sai ana gobe tafiya. A nan ne kuwa asarar take, domin duk lokacin da kuɗi suka sauya daga wani nau'i zuwa wani, akwai abin da ke zubewa a hannun mai canjin.

Kowane ɗan canji yana da farashi biyu: wanda yake saye da wanda yake sayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa. Saboda haka allon da aka rubuta "babu kamasho" bai nuna rahusa ba, sau da yawa an riga an cusa kamashon cikin farashin. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: idan na ba ka naira kaza, dala nawa za ta shigo hannuna bayan an cire komai? Bambancin Naira 30 a kan kowace dala ba ya cika ido, amma ga mai sayen dala 2,000 ya kai Naira 60,000.

Hanya ta farko da ya kamata a bincika ita ce banki. Babban Bankin Najeriya ya ware wa mai tafiyar ƙashin kansa kuɗin guzuri na PTA har dala 4,000 a kowane wata uku, ɗan kasuwa kuma BTA har dala 5,000. Ana cike takardar Form A ta intanet, a haɗa da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da lambar BVN. A watan Fabrairun 2024 an umarci bankuna su daina biyan wannan guzuri da tsabar kuɗi, sai dai a zuba shi a kati. Garaɓasar da aka sani a da, lokacin da farashin gwamnati ya yi nesa da na kasuwar bayan fage, ta ragu ƙwarai tun da aka haɗe kasuwannin canji a watan Yunin 2023. Don haka a kwatanta farashin banki da na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja a rana guda kafin a yanke shawara. Wanda ya zaɓi 'yan canji ya nemi mai lasisi, ya karɓi rasit. A watan Maris na 2024 kaɗai Babban Bankin ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173.

Sai batun irin kuɗin da za a riƙe. Riyal ɗin Saudiyya an ɗaure shi da dala a kan 3.75, dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma a kan 3.6725, wato dala 1,000 tana daidai da riyal 3,750. Mai zuwa waɗannan ƙasashe ya san ma'auninsa tun daga gida: duk wanda ya ba shi riyal 3.60 a kan dala ya rage masa riyal 150 a kan dubu ɗaya. Mai zuwa Ingila ko Faransa kuwa, gara ya sayi fam ko yuro kai tsaye. Idan ya sayi dala sannan ya sake canza ta a can, ya biya riba sau biyu.

Takardar kuɗin ma tana da daraja daban-daban. 'Yan canji a ƙasashe da dama sun fi son sabuwar dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013. Tsohuwa, ko wadda ta yage ko aka yi wa rubutu, sukan karya mata farashi ko su ƙi ta, duk da cewa a Amurka ba ta daina aiki ba. Ƙananan takardu irin na dala 10 da 20 su ma ba su cika samun farashin ɗari ba.

Teburin canjin filin jirgi da na otal su ne mafi tsada, domin sun san baƙo ba shi da zaɓi. A canza abin da zai isa kuɗin tasi da layin waya kawai, sauran a bari sai an shiga gari.

Akwai wani tarko da masu amfani da kati ba su cika lura da shi ba. Na'urar biyan kuɗi a kanti, ko ta ATM, takan tambaya ko a cire kuɗin da dala ko da kuɗin ƙasar da ake ciki. A zaɓi kuɗin ƙasar. Zaɓi na farko yana ba kamfanin na'urar damar sanya nasa farashin, wanda yawanci ya fi na Visa ko Mastercard tsada. Wasu bankunan Najeriya sun dawo da amfani da katin naira a waje a 2025, amma kowanne da iyakarsa da farashinsa, sai a tambaya kafin a tashi.

Doka ta wajabta wa mai fita ko shigowa Najeriya da tsabar kuɗin da suka haura dala 10,000 ya bayyana wa jami'an Kwastam. Saudiyya ma tana da nata ma'aunin, ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun sa nasu a yuro 10,000. Bayyanawar ba haraji ba ce, ɓoyewar ce ke jawo a ƙwace kuɗin.