Rumfa da rana: yadda renon tumatir ya sauya a Danja

Kwandunan tumatir da ake lodawa a kasuwar Danja zuwa Legas suna fara rayuwarsu ne a ɗan fangalin da ake renon iri kafin dashe. Sana'ar ba daɗaɗɗiya ba ce kamar noman dawa, domin tumatir baƙo ne, asalinsa Kudancin Amurka, kuma abin da ya fara fito da sunan ƙasar Funtuwa, wadda Danja ke cikinta, shi ne auduga. Amma lambu ya riga tumatir zuwa. Manomin fadama da ke ɗaga ruwa da jigo ya daɗe da sanin renon albasa da barkono, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a yafa iri sama-sama, a lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada ruwa ya kwashe shi, da zarar tsiro ya leƙo a yaye lulluɓin. Ina ganin wannan yayewar ita ce gadon da ya fi cancanta a riƙe, kuma ita ce ta fi fuskantar barazana yau.

Tsiron da bai sami isasshen haske ba miƙewa yake yi yana neman rana. Sai ya yi dogon banza, kara siriri, ganye ɗashe, saiwa kaɗan, ana dasa shi ya langaɓe. Cunkoso ma haka yake haifarwa, domin kowane tsiro inuwa yake wa maƙwabcinsa, sannan yawan ruwa da takin yuriya su ƙara iza shi. Mai jigo bai faɗa wannan tarkon sosai ba, tunda ruwan da ake ɗagawa da ƙarfin damtse ba a barnarsa, kuma sanyin daren hunturu yana rage wa tsiro gaggawa. Al'amura sun fara sauyawa bayan 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, takin zamani ya yawaita a ƙauyuka. Shirin Fadama na farkon shekarun 1990 kuma ya yaɗa injin ban ruwa da ƙananan rijiyoyin burtsatse. Lambu ya faɗaɗa, irin kanti kamar Roma da UC82B suka karɓu, sai ga ruwa da taki sun wadata a hannun mai reno fiye da yadda ƙaramin tsiro ke buƙata. Ga kuma tseren riga kowa kai kaya kasuwa, wanda ya sa ake zuba iri tun damina ba ta janye ba, dole a kafa masa rumfa. Rumfar da aka kafa don kare ruwan sama sau da yawa takan wuce lokacinta.

Mataki na ƙarshe ya zo da annobar 2016, sa'adda tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da Katsina, har sabon kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki don rashin kaya. Daga nan aka ƙara karkata ga renon iri cikin ɗakin raga, a farantan roba masu ramuka. Za a ce, to ai wannan ci gaba ne, me ya kawo maganar ciyawar kakanni? Masu faɗin haka suna da gaskiya rabi. Raga tana tare farin ƙudan da ke sa ganye nannaɗewa, kuma irin zamani ya yi tsadar da ba a watsa shi a fili a bar wa kaji. Sai dai raga, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe ta, tana rage haske tana riƙe zafi, waɗanda su ne ainihin abin da ke sa tsiro sirancewa. Kariyar da ta hana ƙwaro shiga ba ta ɗauke wa mai reno nauyin wanke ragar da tazarar farantai da rage ban ruwa ba.

Wasu kuma suna cewa ba komai, ai dogon tumatir ana binne karansa ya fitar da sabuwar saiwa. Hakan na faruwa, kuma dabara ce mai ceto. Amma tattasai da attaruhu ba su da wannan sauƙin, albasa kuwa binnewa da zurfi ɓata mata kai yake yi. Ko a tumatir ɗin, kwanakin da ya ɗauka yana farfaɗowa su ne waɗanda aka yi gaggawar samu tun farko. Shi ya sa tsohon tsarin ke nan da amfaninsa: mako uku zuwa huɗu a wurin reno, ganye huɗu ko biyar, a riƙa fito da shi rana ana ɗan hana shi ruwa a makon ƙarshe, sannan a dasa da yamma a bi shi da ruwa nan take.