Daga Soro Zuwa Kwano: Yadda Zafi Ya Shigo Ɗakunanmu a Zango



Duk shekara idan watan Maris ya kama, koke ɗaya ne a bakin jama'armu: ɗaki ya zama tanda, yara ba sa barci, mita tana lashe kuɗi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Da yawa sun ɗauka haka zaman ɗaki yake tun fil'azal. Alhali kuwa wannan zafi yana da tarihi, kuma da hannunmu muka gina wani sashe nasa.

Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja neman goro sun baro garuruwan da gini yake sana'a mai daraja, har da sarautarta ta Sarkin Magina. Magini a Kano ko Katsina ko Zariya yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa kwanaki, ya mulmula tubali ya shanya, sannan ya tayar da bango mai kauri a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa. A bisa sai a jera azara, wato tsagin giginya wanda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe. Da yake azara ba ta jure nauyi idan tazarar ta yi nisa, sai magina suka ƙware wajen ɗaurin guga da bakan gizo, har suka rufe manyan zauruka ba ginshiƙi a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu wajen shekarun 1830, shi ne abin misali a wannan fanni. Ruwan sama kuma an san maganinsa: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina, da indararo mai tsirtar da ruwa nesa da bango.

Hikimar da ke cikin wannan gini ita ce jinkiri. Bango mai kauri da rufin ƙasa suna shanye zafin rana a hankali, ba ya isowa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da gari ya riga ya yi sanyi, mutane sun fito tsakar gida da tabarmi. Da asuba kuma bangon ya huce, ya riƙe sanyin dare har azahar. Tagogi ƙanana ne, can sama, don iska mai zafi ta samu mafita. Zaure yana tare rana da ƙura kafin su kai ciki. Babu wanda ya kira wannan da sunan tattalin makamashi, amma shi ne.

To, me ya sa ba mu zo da shi kudu ba? Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete Krachi da Yeji da Kumasi da bakin teku. A Ankara, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20 bayan tsohon zangon ya cika. A waɗannan wurare sun tarar da wata ƙasa daban. Damina biyu ce a shekara, ruwan Kumasi ya fi ƙarfin rufin soro, giginya ba ta wadata ba, ga shi baƙo ba ya zuba dukiyarsa a filin da aro aka ba shi. Sai suka ɗauki ginin da suka iske, irin wanda ake kira Atakpame, ana ɗora ɗanyar ƙasa hawa-hawa, aka rufa da jinka. Turawan mulki ba sa ƙaunar jinka a cikin birni saboda gobara da annoba, kuɗin koko kuma ya sa kwanon rufi ya cika kantuna. Kwano ya zama alamar wanda Allah ya buɗa wa.

Ba za mu zargi iyayenmu ba. Kwano ba ya yoyo idan sabo ne, ba ya neman yaɓe duk shekara, ba ya kama wuta. Wanda ya taɓa kwana yana tarar ruwa da kwarya ya san darajarsa. Sai dai kwano ba shi da jinkiri ko kaɗan: abin da rana ta ba shi, nan take yake sauke wa na ƙarƙashinsa. Da bulon siminti ya biyo baya, bango ya sirance zuwa inci biyar ko shida. Mafi muni shi ne abin da ya faru da tsakar gida. Iyali suka yawaita, magada suka raba gida, haya ta yi tsada, sai aka riƙa cusa ɗaki a duk inda bishiya ko rumfa take. Yau akwai gidaje a Nima da Aboabo da ɗakunansu ba su da taga sai ɗaya, ita ma tana fuskantar bangon maƙwabci.

Muka miƙa wa lantarki aikin da bango da inuwa suke yi a da. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta sa aka ga kamar wuta ba za ta taɓa ƙarewa ba. Amma da ruwan tafkin ya ja baya a 2006 da 2007, aka shiga rabon wuta, har gwamnati ta raba ƙwan fitila masu tsimi miliyan 6 kyauta a 2007 don a cire tsofaffin masu cin wuta. Daga 2013 aka hana shigo da tsofaffin firji, waɗanda galibinsu a unguwanni irin namu suke ƙarewa. Sannan ga shekarun dumsor, kalmar Tuwi mai nufin kashe-kunna, da suka tsananta a 2015. A lokacin ne kowa ya gane cewa ɗakin da ba a iya kwana cikinsa sai da fanka, rabin ɗaki ne.

Abin da ya kamata mu sani shi ne, a maƙwabtanmu wannan ilimi bai mutu ba. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, a 2018, Mariyama Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Amma wanda aikinsa ya fi dacewa da halinmu shi ne Francis Kéré na Burkina Faso. A makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001, bai guji kwano ba. Ɗaga shi ya yi sama a kan ƙarafa, ya shimfiɗa rufin tubali a ƙarƙashinsa, ya bar sarari a tsakani don iska ta kwashe zafi, ya kuma fito da bakin kwanon waje sosai ya inuwantar da bango ya kare shi daga ruwa. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini.

Akwai kuma gargaɗi daga cikin ƙasarmu. A shekarun 1970 an shafe masallacin Larabanga da siminti da niyyar kare shi. Simintin ya kulle danshi a cikin bango, katako ya ruɓe, gara ta shiga, sai da aka kankare shi a farkon shekarun 2000 aka mayar da yaɓen ƙasa. Mai tsohon gidan ƙasa ya kiyaye: bangon ƙasa yana son numfashi, kariyarsa ita ce doguwar baki a rufi da gindi mai tsayi.

A ganinmu, kiran a koma ginin soro a Ankara ko Kumasi magana ce ta wanda bai zauna a can ba. Inda dare ba ya sanyi sosai kuma iska tana da laima, wucewar iska ta fi kaurin bango amfani. 'Yan'uwanmu na Tamale da Wa da Bawku, inda zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, su ne kauri zai fi yi wa rana. Ga mai gida a kudu, gyaran da ya fi araha shi ne silin a ƙarƙashin kwano, da ƙananan kafofi a saman bango don zafin da ya taru ya fice. Farin fenti a bayan kwano yana mayar da hasken rana da yawa. Taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko ta fi fanka biyu. Bangon yamma, wanda ke shan ranar la'asar, yana bukatar rumfa ko dalbejiya. Wanda zai sayi firji kuma ya duba takardar nan mai ruwan ɗorawa da ke manne a jikinsa, ya ƙirga taurarinta.

Sauran matsala ɗaya, kuma ita ce ta fi zuwa zauren sarki. Mafi yawanmu 'yan haya ne. Mai gida ba ya son kashe kuɗi a ɗakin da ba shi ke kwana ciki ba, ɗan haya kuma, bayan ya biya kuɗin shekara biyu a dunƙule ko da yake dokar haya ta 1963 wata shida ta ƙayyade, ba ya son gyara abin da ba nasa ba. Shawararmu ita ce a riƙa yarjejeniya a rubuce: ɗan haya ya sa silin ko ya fasa taga da izinin mai gida, a lissafa abin da ya kashe a gaban shaidu biyu, a cire masa daga kuɗin haya na gaba. Sarakunan zanguna da limamai suna da ikon da za su sa irin wannan takarda ta yi nauyi, kamar yadda suke yi wa takardun gado da na aure.