Ba'asi

Ba'asi, ko bahasi, kalmar aro ce daga Larabci, daga "bahs". Tushenta tono ne, irin na mai tona ƙasa yana neman abin da ke binne. Da wannan aikatau Alƙur'ani ya siffanta hankakan da ya nuna wa Ƙabila yadda zai binne ɗan'uwansa. Malamai suka ɗauke ta da ma'anar zurfafa nazari, alƙalai suka kai ta kotu.

Bahaushe ya ba ta fuska biyu. Mai tuhuma yana bin ba'asi, wanda aka damƙa wa amana kuwa yana ba da ba'asi.

A Zamfara an bi ba'asi. A 2019 kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya zargi sarakuna biyar da hakimai 33 da hannu a ta'asar 'yan bindiga. A Afrilun 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta tuɓe Sarkin Zurmi da Hakimin Birnin Tsaba bisa irin wannan zargi. Sai dai tuɓe rawani daban, bayani a bainar jama'a daban. Manomin Shinkafi ko Ƙauran Namoda da ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa yana da haƙƙin jin abin da aka tono, suna da suna.