Littafin Labarin Baka da Harbin Nesa

Da sunan Allah muka fara, gare shi mu ke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, wannan taƙaitaccen littafi ne a kan labarin baka da harbin nesa, tun daga bakan ƙaho na mutanen Masar da Turkawa har zuwa baka mai faifai na wannan zamani. Na tsara shi fasali biyar. Abin da na ke so ka riƙe daga gare shi guda ne: kai kibiya nesa ilmi ne, sa ta inda aka nufa kuwa wani ilmi ne dabam. Na farko yana cikin baka, mai kuɗi ya kan saye shi. Na biyu yana cikin maharbi, kuma ba a kasa shi a kasuwa.

Fasali na farko, bayanin abin da ya sa nisa ke wahalar da maharbi

Ka sani, Allah ya shiryar da mu da kai, tun daga sa'ar da kibiya ta rabu da tsirkiya ta fara faɗuwa. Hausawa sun ce kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Masu hisabi sun auna wannan faɗuwa. Mu ƙaddara kibiya mai gudun mita 90 a cikin sakan ɗaya, mita kuwa kamar kamu biyu ce. In an harba ta a miƙe, kafin ta kai mita 50 ta sauka kamar mita ɗaya da rabi. Kafin ta kai mita 100 ta sauka mita 6, ko fiye, gama iska tana rage mata gudu. To, duba: nisa ya ninka sau biyu, faɗuwa ta ninka sau huɗu. Saboda haka wanda ya kuskure ƙiyasin nisa ya kuskure abin harbi, ko da hannunsa bai motsa ba.

Abu na biyu, nisa yana girmama kuskure. In tsakanin idon maharbi da abin da ya ke bara da shi mita ɗaya ne, ya goce da milimita ɗaya, watau kamar kaurin farce, to, a mita 50 gocewar ta zama santimita 5, a mita 100 ta zama santimita 10. Abu na uku iska ce, gwargwadon daɗewar kibiya a sama gwargwadon yadda iska za ta ture ta. Dukan labarin da zai zo, labarin yaƙin mutane ne da waɗannan uku.

Fasali na biyu, labarin bakan ƙaho da malaman Masar

Baka iri-iri ne. Akwai na itace guda, kamar namu na ƙasar Hausa, da kibiyar kyauro marar gashi, wadda a kan shafa wa dafi. Da irinsa jama'ar Shehu Usmanu suka tari dawakin Gobir a Tabkin Kwatto, shekara ta 1219 ta Hijira, 1804 ta Miladiyya. Amma dogaronsa ga dafi ya ke, domin nisansa kaɗan ne.

Akwai kuma haɗaɗɗen baka, na Turkawa da Farisa da mutanen Masar da Sham. Da abu huɗu a ke yinsa: itace a tsakiya, ƙaho a cikinsa ta wajen maharbi, jijiya a bayansa, sai danƙo mai haɗa su. Ƙaho yana jure matsi, jijiya tana jure miƙewa, sai baka ya zama gajere, ƙarfinsa kuwa mai yawa. A kan yi shekara ko fiye ana aikinsa, domin danƙon ba ya bushewa da gaggawa.

Malaman Musulmi sun ba ilmin harbi muhimmanci tun da wuri. Kowane ɗalibi ya san Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas maharbi ne, ya kuma san labarin maharba 50 da aka tsayar bisa tudu ranar Uhudu, shekara ta 3 ta Hijira, a ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu shekara ta 751, watau 1350, ya wallafa Al-Furusiyya, ya yi bayanin hukuncin gasar harbi a cikinsa. Bayansa kaɗan, wajen 1368, a zamanin sarakunan Mamalik, wani gwanin harbi mai suna Ɗaibugha ya wallafa Gunyatuɗ Ɗullab, waƙa ce da sharhinta, domin masu koyo.

Littattafan wannan fanni sun rarrabe harbi gaɓa-gaɓa, kamar yadda malamin nahawu ke rarrabe jumla: riƙon baka, da ɗana kibiya, da ƙulla yatsu a tsirkiya, da ja, da bara, da saki. Da babban yatsa su ke ja, su rufe shi da manuni, su kan kuma sa masa zobe domin kada tsirkiya ta yanke shi. Sun ba ƙullin yatsu sunayen ƙidayar yatsu ta Larabawa, har a kan ce ƙullin 63 da ƙullin 69. Suna da limamai uku da a ke jingina mazhabobin harbi gare su, su ne Abu Hashim, da Ɗahiru mutumin Balkh, da Ishaƙa. An ruwaito cewa na farko dogo ne, yana tsayawa a karkace, na biyu gajere ne, yana fuskantar abin harbi, na uku matsakaici, tsayuwarsa tsakanin biyun. Na ce: saɓaninsu saɓanin jiki ne. Amma sun haɗu a kan asali guda, shi ne kowace kibiya ta fita kamar yadda 'yar'uwarta ta fita, ja ɗaya, matsaya ɗaya, saki ɗaya.

Fasali na uku, labarin filin kibiya na Santambul

Sa'ad da Sarki Muhammadu al-Fatih ya ci birnin Santambul, shekara ta 857, watau 1453, ya keɓe wani fili a bisa tudu, ya yi waƙafinsa ga maharba. Sunansa Okmeydani, ma'anarsa filin kibiya. Aka gina musu zawiya a wurin, da shaihinta, da littafin da a ke rubuta sunayen gwanaye.

Turkawa sun raba harbi gida biyu a fili. Akwai na bara, a kafa abin harbi na fata a nema. Akwai na nisa, wanda ba a nufin kome da shi sai kibiya ta yi tafiya. Domin wannan na biyu suka yi kibau gajeru marasa nauyi, suka kuma yi wata 'yar kwatarniya ta ƙaho mai kwari a tsakiya, a ɗaura ta a hannun da ke riƙe da baka, domin a ja gajeriyar kibiya har kanta ya shige bayan mariƙi. Su kan jira iskar da ta dace ta bi bayan kibiya. Wanda ya wuce na gabansa, sai a kafa masa dutse a inda kibiyarsa ta faɗi, a rubuta sunansa da nisan. Mafi shahara cikinsu Tozkoparan Iskandar, wajen farkon ƙarni na 16, wanda aka rubuta masa harbin da ya haura mita 840. Har yau wata unguwa a birnin sunanta Nishantashi, watau dutsen alama, saboda irin waɗannan duwatsu.

Abin lura a nan hanyar koyarwarsu ce. Ba a ba sabon almajiri bakan ƙarfi. A kan ba shi baka mai taushi, ya yi ta ja ba kibiya, kwana da kwanaki, har jan ya zauna a gaɓoɓinsa. Sa'an nan ya koma harbin buhu a cikin ɗaki, daga kusa, inda babu nisan da zai ɗauke masa hankali. Bayan wannan duka a fitar da shi fili. Ba a rubuta sunansa cikin maharba sai ya kai kibiya gez 900 da ma'auninsu, watau kusa da mita 600. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da bindiga ta yi ƙarfi, baka ya fita daga fagen yaƙi, ilminsa ya fara raguwa. Sarki Mahmudu na biyu, wanda ya yi mulki daga 1808 zuwa 1839, shi kansa maharbi ne, ya umarci Musɗafa Kani ya tattara abin da ya saura. Aka buga littafinsa a Santambul shekara ta 1263, watau 1847. Da dama daga abin da a ke sani yau game da bakan Turkawa daga gare shi aka samo.

Fasali na huɗu, labarin baka mai faifai

Ka sani, dukan bakunkunan da suka gabata suna da aibi guda: gwargwadon ja gwargwadon nauyi. Sa'ar da maharbi ya fi bukatar natsuwa domin bara, ita ce sa'ar da baka ya fi yi masa nauyi, sai hannu ya yi rawa, ya saki da gaggawa.

Wanda ya warware wannan mutumin jihar Misuri ne ta Amurka, maharbin dawa, sunansa Holless Wilbur Allen. Ya yanke bakunan wani baka, ya sa musu fayafayai masu juyawa, irin abin da Larabawa ke kira bakara, wanda a ke ratayawa bisa rijiya domin jan guga. Ya sa ƙusar faifan a gefe maimakon tsakiya. Ya nemi takardar mallakar wannan ƙira a 1966, aka ba shi a watan Disamba na 1969. Wani maƙerin baka, Tom Jennings, ya karɓi izini ya yi ta ƙerawa, har ya yaɗu.

Ga yadda ya ke aiki. Da fari jan yana da nauyi. In aka kusa ƙarshe sai faifan ya juya, nauyin ya faɗi, tsirkiya ta tsaya cak a iyaka guda. Bakan da nauyin jansa kilo 27 ne, in an rage kashi 70 cikin 100, abin da maharbi zai riƙe kamar kilo 8 ne. Da wannan aka sami abu biyu: lokacin bara ya yalwata, tsawon ja kuma ya zama ɗaya kowane harbi.

Sa'an nan aka yi ta ƙara masa kaya, kowane kaya maganin wata cuta ce da magabata suka sani. An sa ƙaramin zobe a cikin tsirkiya, ido ya leƙa ta cikinsa, domin matsayar ido kada ta sāke. An sa ma'aunin bara a gaba, mai hawa da sauka gwargwadon nisa, maganin faɗuwar kibiya ke nan. An sa masa ma'aunin ruwa irin na magina, domin in baka ya karkata kibiya ta kan tafi gefe, kuma ɓarnar karkata a nesa ta fi yawa. An sa sanda mai nauyi a gaban baka domin rage rawa. An yi ƙugiya ta ƙarfe mai riƙe tsirkiya a madadin yatsu, ita ce jikanyar zoben babban yatsa. Kibau kuwa, tun wajen 1946 Doug Easton na Kalifoniya ya fitar da na gorar ruwa, bayansu na kabon suka zo, har a kan sami kibau goma sha biyu nauyinsu da miƙewarsu kusan ɗaya.

An shigar da wannan baka gasar duniya a birnin Jakarta, 1995. A ƙa'idar gasar, daga mita 50 a ke harbi, kibau 72, da'irar tsakiya mai lamba 10 faɗinta santimita 8, kamar yatsu huɗu. Koma ga hisabin fasali na farko, za ka ga gocewar kaurin farce ta isa ta fitar da kibiya daga cikinta. A 2025 aka yanke cewa za a sa shi cikin wasannin Olamfik na Los Anjeles, 2028.

Fasali na biyar, abin da ya rage a wuyan maharbi

Wani zai ce, tun da ƙira ta kai haka, me ya saura? Na ce masa: abin da ya saura shi ne abin da Ɗaibugha ya rubuta a kai. Masu koyar da baka mai faifai a yau suna umarni da sassauta riƙo, domin matse mariƙi yana murɗa baka. Suna umarni da hannun ja ya zauna wuri guda a muƙamuƙi. Suna umarni da a ja da naman baya, a bar ƙugiya ta buɗe a hankali, kada a fizge ta sa'ad da ido ya ga tsakiya. Suna umarni da kada a sauke hannu sai kibiya ta isa. Wanda fizga ta kama shi, su kan mai da shi gaban buhu, daga kusa, babu alama a jikinsa, daidai da abin da shaihunan Okmeydani ke yi. Kuma ba su ƙara wa almajiri nisa sai kibansa sun taru wuri guda a nisan da ya ke.

Babbar hujja a kan wannan labarin Matt Stutzman ne, mutumin Amurka da aka haifa ba hannuwa. Da ƙafa ya ke riƙe baka, ƙugiya tana ɗaure a kafaɗarsa, ya sake ta da muƙamuƙi. A 2015 ya sami abin harbi daga mita 283. A 2024 ya ci zinariya a gasar masu naƙasa ta birnin Faris. Wanda ba shi da hannu ya sami abin da masu hannu suka kasa, domin ya mai da harbinsa iri ɗaya.

Zan cika da gargaɗi ga wanda ya ke farauta. Mutane su kan ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A fagen gasa haka ne. A dawa kuwa kuskure ya fi, domin dabbar da aka kuskure ta tsira lafiya, wadda aka raunata daga nesa ta kan shiga daji da kibiya a jiki, ta mutu da azaba, ba a ci namanta ba. Baka mai faifai yana kai kibiya inda maharbi bai isa ya tabbatar ba, wannan kuwa jarraba ce gare shi. To, iyakar nisanka ita ce inda kibanka ke taruwa kullum. Ka auna ta da gaskiya, ka tsaya a kanta, in kana son ƙari ka koma ga buhu.

Littafi ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Wanda ya kwafe shi ya kiyaye lambobin hisabi, kada ya sauya su. Allah ya gafarta wa mai rubutu da mai karatu da iyayensu da malamansu. Amin. Tamat.