Tarihin Karatun Jami'a Daga Nesa da Haƙƙin Ɗalibi: Ta Fuskar Rano da Kibiya

Karatu daga nesa shi ne neman ilimi ba tare da zaman aji kullum ba: a da ta wasiƙa da rediyo, yanzu ta intanet. Tarihinsa a Najeriya bai taɓa rabuwa da tambaya guda ba, wato wa ya amince da kwalin da ɗalibi zai karɓa, kuma wace ƙofa kwalin zai buɗe masa.

Tun zamanin Turawa 'yan ƙasar nan ke yin digirin Jami'ar Landan daga gida, jami'ar da ta buɗe wannan hanya a 1858. A Arewa kuwa malaman firamare ne suka fi cin moriyar tsarin, ta hannun Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Malami a Rano ko Kibiya yana iya riƙe ajinsa da gonarsa, ya karanta darussa da dare, ya halarci cibiya a ƙarshen mako.

Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu a dokar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, a Yulin 1983. Ba ta cika shekara ba gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a Afrilun 1984. Sai a farkon shekarun 2000 Olusegun Obasanjo ya farfaɗo da ita, shi kansa kuma daga baya ya zama ɗalibinta har ya sami digirin digirgir. Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ita ke tantance kwasa-kwasan digiri, amma ba ita kaɗai ke da ta cewa ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar rikicin ɗaliban shari'a na NOUN. Sun biya kuɗi, sun ci jarrabawa, jami'ar gwamnatin tarayya ta ba su digiri, sai Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙi shigar da su Makarantar Horar da Lauyoyi, bisa dalilin cewa ba a koyon aikin lauya ta wasiƙa ko ta karatun wucin gadi. Reshen makarantar na Kano yana Bagauda ne, maƙwabtan Rano, amma a lokacin ga mai wannan kwali ƙofar a rufe take ruf. A 2015 jami'ar ta daina ɗaukar ɗaliban shari'a; a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal ta yi watsi da ƙarar ɗaliban. A Disambar 2018 Buhari, wanda ya dakatar da jami'ar yana soja, ya sa hannu a gyaran dokarta, aka cire lafazin karatun wasiƙa. Daga baya aka yarda tsofaffin ɗaliban su shiga makarantar ta wani shiri na musamman. Hukumomi biyu ne suka saɓa, amma shekarun da suka salwanta na ɗalibai ne, kuma wannan rashin adalci ne.

Hidimar ƙasa ma haka: shekara da shekaru takardar keɓewa ake ba waɗanda suka gama NOUN, ko da matasa ne, maimakon kiran sansani.

Kwalin ƙetare shi ma da tasa matsalar. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga hidimar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, matakin da ya haɗa har da waɗanda suka yi karatun gaskiya. Amincewar wata ƙasa da makaranta ba ta wajabta wa Najeriya karɓar kwalinta.

Ga mutanen Rano da Kibiya, inda kuɗin rajista kan fito daga buhun masara ko shinkafar da aka sayar, karatu daga nesa gata ne babba, musamman ga matan aure da ma'aikatan ƙaramar hukuma. Sai dai kafin ka biya ko kwabo, ka duba sunan jami'ar da na kwas ɗin kansa a jerin da NUC ta amince a yi daga nesa, sannan ka tambayi hukumar sana'ar da kake son shiga ko za ta karɓi kwalin.